Karan da Migdalia Ta Hana a Yanka

Duk wanda ya taɓa zama a layin bayan coci a San Juan ya san muryar Migdalia Borrego, ko da bai san fuskarta ba. Da safe za ka ji ta tana korar kajin maƙwabta daga cikin tukwanen furanninta. Da rana kuma, bayan an ci abinci an sha gahawa, za ka sake jin ta, wannan karon a kan mijinta Onelio, daidai lokacin da ya miƙe ƙafa a baranda ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu.

"Ajiye wuƙar nan, tsoho!"

"Rabi yanzu, rabi anjima, tsohuwa. Wa na kashe?"

"Rabin ƙaniyarka! Ni na naɗa abin nan, ba a kan bishiya ka tsinko shi ba!"

Sai ya ɗora karan tabar a hannun kujera, ya nemi tsakiya da farcensa, ya datse shi biyu, hankalinsa kwance kamar mai yanka albasa. Ita kuwa ta tsaya bakin ƙofa da tsumman goge kwano a hannu tana zazzaga masa masifa, tun daga kansa har kakanninsa da suka tsallako teku ko takalmi babu.

Wanda bai san taba ba zai ce rigimar tsofaffi ce kawai, kuma zai yi wa matar nan rashin adalci. Tabar da ake magana ba sigarin takarda ba ce da inji ke tofarwa. Ganye ne zalla, ganye cikin ganye, naɗin hannu. Mai naɗi yana jera ganyen ciki ne bakin ganyen yana kallon wuta, gindinsa yana kallon mai sha, don tabar ta fara da sauƙi ta yi ta ƙara nauyi har ƙarshe. Rigar waje kuwa ganye ɗaya ne da ya zagaye karan tun daga ƙasa, kuma babu abin da ke riƙe da shi sai 'yar hular da aka liƙa a ka da ɗigon ƙaro. Ka datse tsakiya, rabi ɗaya ya rasa hula ya fara warwarewa a leɓenka, ɗayan kuma ya fara maka daga tsakiyar zance. Migdalia takan ce kara ɗaya kamar ziyara ce, akwai sallama, akwai hira, akwai bankwana, kuma marar tarbiyya ne kaɗai ke faɗo wa mutane ta taga.

A gonar taba aka haife ta, can gefen kogi. Tun ba ta kai tsawon tebur ba take zaune a rumfar shanya tare da uwarta da innoninta, suna zura ɗanyen ganye a zare da doguwar allura, hannuwansu baƙi ƙirin da danƙon ganyen. Daga nan ta koma cire jijiyar busasshen ganye, aikin da aka bar wa mata don wai ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa. Da aka buɗe wa mata teburin naɗi a masana'antar garin, tana cikin na farkon da suka zauna. Wani dattijo mai gashin baki da ke teburin gefenta ya ce hannun da ya saba da kankare tukunya ba zai naɗa abin da namiji zai sa a baki ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce to ya daina cin abincin matarsa. Zauren ya ɗauki shewa, aka yi ta buga askar aiki a katako, yadda ake yi idan mutumin da aka ɗauka ya riƙa karanta musu labari suna aiki ya zo wuri mai daɗi. Tun daga ranar aka san bakinta, hannunta kuwa sai daga baya aka san shi.

Ta kai matakin masu naɗa dogayen kara, waɗanda ba kowa ake ba ba, don doguwar taba ba ta ɓoye kuskure. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ita ba ta taɓa sha ba. Ƙirjinta ba ya ɗaukar hayaƙi tun tana yarinya, ko girkin itace sai ya kwantar da ita. Sauran masu naɗi sukan sa kara a baki su zuƙa ba wuta don su ji ko iska na ratsawa. Migdalia ta ɗauki wannan abin kunya ne. Ita dai ta murza karan tsakanin babban yatsa da manuni tun daga ƙasa har sama, ta ajiye. Takan ce wanda sai ya tambayi bakinsa, to hannunsa makaho ne. Ta kuma yi gaskiya, don har ta bar wurin nan ba a taɓa dawo mata da aiki ba.

Onelio mai gyaran keke ne, dogo siriri, mutumin da ko gidansa ke ci da wuta sai ya ƙarasa ɗaure ƙusar da ke hannunsa. A bakin ƙofar masana'anta ya fara tare ta, wai sarƙar kekenta na ƙara. Sarƙar nan lafiyarta lau, amma sai da ya gyara ta kusan kullum har aka ɗaura aure. Kowane mai naɗi yana da 'yan karan da ake ba shi ya tafi da su gida, ita kuwa nata duk na Onelio ne. Abin da ta fi so a duniya a lokacin shi ne ta zauna nesa kaɗan, inda hayaƙin ba zai same ta ba, tana kallonsa yana sha tun daga fari har wuta ta kusa taɓa masa yatsa, tokar fara tas tana tsaye ba ta faɗi ba. Shi ne bakinta. Da shi take sanin ɗanɗanon aikinta.

Yankan farko a shekarun wuya ya fara, lokacin da jiragen ruwa masu kawo kaya suka daina zuwa, aka koma raba komai biyu, sabulu biyu, burodi biyu, ƙwai ɗaya ma sai a raba wa mutum biyu. Tana musanya rabonta na taba da mai da ƙwai don 'yarsu Nereida ta ci, ta bar wa Onelio kara ɗaya tak. Sai ya riƙa datsewa yana ba amininsa Eusebio rabi. Eusebio shi ne uban baftisma na Nereida, wanda ya tsaya mata a coci har yake kiranta 'yarsa, abokin wasan dominon Onelio tun suna samari, mutum mai hanci kamar na kare a kan girkin mutane. Abin ya yi mata ciwo, amma ta haɗiye, don a shekarun nan kowa haɗiya yake yi. Da abubuwa suka ɗan sassauta, Onelio ya mayar da wuƙarsa aljihu, zaman lafiya ya dawo baranda.

Ta yi ritaya da takardar yabo, ta kafa ɗan teburinta a ƙuryar falo kusa da taga, da katakonta da askarta da tsohon katakon matsi. Ƙanenta Aurelio, wanda ya riƙe gonar mahaifinsu, yana kawo mata ganye daga abin da ya rage masa. Tana naɗa wa Onelio, tana naɗa wa maƙwabta, har daga wasu layuka ana aikowa. To ana nan, ba yunwa ba fari, rana ɗaya sai ga wuƙar nan ta sake fitowa. Ta ɗauka wasa ne. Washegari ma haka, jibi ma haka, har abin ya zama ɗabi'a.

Babu irin dalilin da ba ta laƙa masa ba. Ta ce rowa ce ta tsufa. Ta ce yunwar shekarun baya ce ta dawo masa a ka. Ta ce Eusebio ne ya shanye shi, don kullum yana nan zaune kamar an dasa shi, yana jiran rabinsa. Ta taɓa ɓoye wuƙar a cikin buhun shinkafa, ya yanka da almakashinta na ɗinki. Ta taɓa yin mako ba ta naɗa masa ba, ya zauna tsuru yana kallon titi, har ita ta gaji da kanta ta koma tebur. Maƙwabtan ma a hankali suka janye jiki, wannan ya ce likita ya hana shi, wancan ya ce ya koma sigarin takarda don ya fi saurin ƙarewa. Ta ce duniya ce ta lalace, mutane sun zama ba su da lokacin zama su girmama abu.

Hannuwanta kuwa ba a maganarsu a gidan. Gaɓoɓin sun kumbura, babban yatsan dama ya sandare ba ya lanƙwasuwa, kullum da safe sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su buɗe. Allura na faɗuwa daga hannunta ba ta sani ba sai ta ji ƙararta a siminti. Nereida, wadda ke aikin jinya a Havana, babban birni, duk ranar da ta bugo waya maganar ɗaya ce.

"Mama, ki zo a duba miki hannun nan. Ga ɗaki nan babu kowa, ki zauna wurina ki huta."

"In huta in yi me? In zauna a bene ina ƙirga motoci? Hannuna ya fi na likitanki lafiya."

"Baba ya ce ko maɓallin riga ba kya iya sawa."

"Ubanki ya fara koyon shan taba kafin ya koyi gulma."

A bara Aurelio ya rasu. 'Ya'yansa ba masu gona ba ne, ɗaya yana tuƙa baƙi a mota, ɗaya ya tsallaka ƙetare. Kafin ya kwanta ciwo ya kawo wa yayarsa wani ɗan ƙunshi a naɗe cikin ɓawon dabino, ganyen girbinsa na ƙarshe, wanda ya zaɓa da hannunsa ya ajiye ya tsufa. Ta sa shi a ƙasan akwatin katako, takan buɗe ta shinshina ta rufe. A ciki akwai ganyen riga guda ɗaya da ba ta taɓa ganin irinsa ba tun barinta aiki, launin gahawa da madara, sumul ba tabo, jijiyoyinsa sirara kamar zare. Ƙunshin duka bai wuce dogon kara ɗaya ba, kuma ta san daga shi babu sauran ganyen gidansu a duniya.

Ranar wata Juma'a ta tashi ta jiƙa hannu, ta yayyafa wa ganyen ruwa, ta zauna. Abin da a da take gamawa kafin mai karatu ya juya shafi, ranar sai da ya cinye mata safiya. Ta jera, ta naɗe, ta sa a matsi, ta juya, ta shimfiɗa rigar a katako ta gyara gefenta da aska, ta ja ta a hankali tana cije leɓe saboda zafin gaɓɓai. Da ta liƙa hular ta ɗaga shi a hasken taga, sai da ƙwalla ta cika mata ido. Ta murza shi tun daga ƙasa har sama kamar yadda ta saba, ta ajiye. Sannan ta je ta tsaya a kan Onelio, yana tsugune yana liƙe tayar keke.

"Ɗago ka dube ni, tsoho."

"Ina jin ki."

"Ban ce ka ji ni ba, cewa na yi ka dube ni. Wannan ganyen Aurelio ne, daga shi babu wani. Ranar Lahadi za ka sha shi, cikakke, tun daga fari har ƙarshe, ina zaune ina kallo. Na rantse da kabarin uwata, ka sa masa wuƙa, ranar Litinin ina cikin motar Havana, kuma ba ziyara za ni ba."

Onelio ya daɗe yana kallon karan. Ya san ta, tana zagi kullum amma ba ta rantsuwa da uwarta a banza. Ya goge hannu a wando ya ce, "A ajiye shi mana, tsohuwa. Abu mai kyau haka, a bar shi a akwati a riƙa tunawa da marigayi."

"Don a sha na naɗa shi, ba don a yi masa addu'a ba."

"To," in ji shi, ya koma kan tayarsa.

Ranar Lahadi ta yi girki kamar na biki, shinkafa da baƙin wake, rogo da tafarnuwa, soyayyar agada. Suka ci, ta dafa gahawa mai kauri, ta amshe wuƙarsa ta jefa a aljihun rigar girkinta. Ta kawo karan a kan faranti, da ashana ta katako, ita da kanta ta buɗe masa kan hular da askarta. Ba a gama ajiye farantin ba sai ga Eusebio ya karyo kwana yana jan ƙafa, da akwatin domino a hammata.

"Uwar 'yata, ƙamshin waken nan tun daga bakin coci yake kirana."

"Wake ya ƙare. Taba kuma yau babu rabonka, in kallo ka zo yi ga kujera, in roƙo ne ga hanya."

Eusebio ya dubi karan, ya dubi Onelio. Wani kallo ya wuce tsakaninsu, ta gani, ta ɗauka kwaɗayi ne. Ya zauna a gefen kujera ya ɗora akwatin a cinya bai buɗe ba.

Migdalia ta ja kujerarta ta lilo can ƙarshen baranda, inda iska ke kore hayaƙi, ta harɗe hannu. Onelio ya ƙyasta ashana, ya gasa gindin karan yana juyawa a hankali har ya yi baƙi, ya sa a baki ya zuƙa. Ya sake zuƙa. Kumatunsa suka lotsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Wani ɗan siririn hayaƙi ya fito ta gefen bakinsa, wanda ko sauro ba zai kora ba.

"Yaya?" in ji ta.

"Kai, tsohuwa! Wannan ai sai sarakuna."

"Zuƙa mana, kana tsotsa kamar jariri."

Ya zuƙa har idanunsa suka kawo ruwa. Wutar ta yi ja a gefe ɗaya, ta dushe, ta mutu. Ya ƙyasta wata ashanar. Eusebio ya fara ba da labarin gwiwarsa da yadda take sanar da shi zuwan ruwan sama, babu mai sauraronsa. Wuta ta sake mutuwa. Onelio ya sake ƙyastawa, gumi na bin bayan kunnensa.

"Da gangan kake yi!" Ta miƙe, kujerar ta yi ta lilo ita kaɗai. "Don na hana ka yanka shi ne za ka tozarta ni a gaban wannan maroƙin? Ka jiƙe masa kai da yawu kamar akuya! Ba ni nan!"

Ta fizge karan, ta murza shi tsakanin yatsunta tun daga ƙasa har sama. Ta sake murzawa. Tana jin akwai abu a hannunta, amma ko laushi ne ko tauri ne, yatsun ba su gaya mata komai ba. Ta miƙa wa Eusebio.

"Kai, zuƙa."

"Haba uwar 'yata, ai kin ce yau ba rabona."

"Na ce ka zuƙa!"

Ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi, ya kunna, ya ja har ya yi tari. Ya cire daga baki yana kallon ƙasa. "Ganye ne mai ƙarfi. Marigayi ai ya iya noma. Wataƙila damshi ne, kin san damina..."

Shekarunta nawa tana kallon hayaƙi daga nesa? Ta san hayaƙin ganye mai damshi, ta san na ganyen da bai nuna ba, ta kuma san wannan. Sau nawa ta ɗauki aikin sabbin yara a masana'anta ta jefar musu a tebur tana cewa wannan ba taba ba ce, sanda ce?

"Onelio." Rabon da ta kira sunansa har ta manta. "A toshe yake?"

Ya shiga tattara ƙonannun ashana a faranti.

"Wannan kaɗai, ko duka?"

Ya sa hannu biyu ya shafa fuskarsa. "A tsakiya ne kawai, tsohuwa. Wuri ɗaya ne, kullum wurin ne, inda babban yatsanki ke dannewa. Ganyen yakan murɗe a nan ya ƙulle. In na yanka daidai wurin na ɗan sassauta bakin, kowane rabi sai ya ja lafiya lau. Na rantse miki daɗinsa bai canza ba, tambayi Eusebio."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Tun yaushe, na ce!"

"Tun shekarar da guguwa ta ɗauke rufin kicin."

Ta tsaya tana lissafin shekarun a ranta, ranta yana ƙara ɓaci da kowace ɗaya. Sai abin ya fashe, kuma ranar layin bayan coci ya ji abin da bai taɓa ji ba.

"Munafukai! Ku biyun nan munafukai ne! Shekara da shekaru ina tsaye a bakin ƙofar nan ina haushi kamar mahaukaciyar karya, kana zaune kana cewa rabi yanzu rabi anjima! Ka bar ni ina aika wa mutane sanduna a cikin takarda ina cewa kyauta ce! Wanda ya ce likita ya hana shi, ashe ni ce likitan! Duk layin nan sun sani, ko? Suna wucewa suna gaishe ni, su shiga gida su ce Allah sarki tsohuwa! Ni Migdalia, ni ce abin Allah sarki?"

"Babu wanda ya taɓa..." Eusebio ya fara.

"Rufe min baki, cima-zaune! Kai ko rabin da ake ba ka bai sa ka ji kunyata ka gaya min gaskiya ba!" Ta juya kan mijinta. "Kai ne bakina, Onelio. Ni ban taɓa sanin ɗanɗanon abin da nake naɗawa ba sai ta wurinka. Da wani ne ya yi min ƙarya da sauƙi. Da ka gaya min tun farko, da na koyi sa shi a baki in gwada kamar kowa, da na sassauta hannu, da na ba wani ganyen Aurelio ya naɗa. Yanzu dubi abin da ka sa na yi wa ganyen ƙanena!"

"In na gaya miki, me za ki tashi ki yi da safe?" Ya faɗa a hankali, idonsa a ƙasa. "Ina jin ki kina waƙa a teburin nan. Gara ki zage ni kullum da in ga kin rufe shi."

"Wa ya ba ka wannan hukuncin? Hannuna ne ko naka?"

Ta san ba mugunta ce ta sa shi ba. Wannan sanin ne ya fi ƙona mata rai, don ko zaginsa ta yi ba ya shiga yadda take so.

Ta shiga falo ta ɗauko katakonta da askarta, ta ajiye a kan ɗan teburin baranda da suke buga domino. Ta kwantar da karan a kai.

"Nuna min wurin."

Ya matso ya ɗora farcensa, ko lalube bai yi ba. Ta danna askar da tafin hannu, don yatsun ba za su iya ba, karan ya rabu biyu. Ta ɗaga rabi ɗaya ta duba bakin yankan. Ganyen cikin a murɗe yake tamau kamar igiyar ɗaurin akuya, ko tsinke ba zai ratsa ba. Aikin da ko 'yar koyo ta yi, sai ta kore ta daga tebur. Ta sassauta bakin da gefen aska, ta tura wa Onelio mai hular, ta tura wa Eusebio ɗayan, rigarsa har ta fara kwancewa.

"Ku sha. Ba za a zubar da ganyen Aurelio ba."

Onelio ya kunna. Zuƙa ɗaya ya yi, hayaƙi ya cika masa baki ya taso fari, mai kauri, ya bazu a ƙarƙashin rufin baranda, ƙamshinsa ya kai har inda take tsaye. Bai taɓa ja da kyau haka ba. Ta tsaya tana kallo har tari ya sarƙe ta, ba ta matsa ba. Babu wanda ya ce yana da daɗi, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta juya ta shige ɗaki. Suka ji an ja kujera, suka ji wani abu mai nauyi ya gogi saman kabad ya faɗo kan gado. Eusebio ya ɗauki akwatin dominonsa ya sulale ko sallama babu. Onelio ya zauna da rabin karan yana ci tsakanin yatsunsa, yana so ya ce mata ai ba shi ya yanka ba, ya san kuma ba yankan ne zai kai ta Havana ba. Daga ciki yana jin ƙaras-ƙaras na ƙarfe, a tsaya, a sake, a tsaya. An daɗe ana haka.

"Tsoho."

"Na'am."

"Zo ka buɗe min makullin akwatin tafiyar nan. Yatsuna sun ƙi."

Ya ajiye tabar a gefen faranti ya shiga. Tana zaune bakin gado, hannuwanta a cinya, fuskarta a bango. Ya tsaya kaɗan ko za ta dube shi, ba ta duba ba. Ya durƙusa ya buɗe mata.